Shekarar da Na Kira Sunan Ƴar Farina

Sani, da kai zan fara, ko da yake kayen nan, littafin da nake rubutu a ciki, naku ne ku duka. Ranar da labari ya zo cewa Mama Saratu ta rasu a Magarya, yayarku ta yafa gyale za ta tafi gaisuwa. Ina kishingiɗe a zaure na ji ka ce mata, me ya haɗa ki da gaisuwar mutanen da suka sace ki. Ta goya ɗanta ta fita. Ni kuwa ban tsawata maka ba, kuma shirun nan tsohon halina ne. Maganar da ka faɗa ba taka ba ce. A bakina mutanen garin nan suka fara jin ta, kai tashi ka yi ka tarar da ita tana yawo. Shi ya sa na aika aka sayo mini bik, wato biro, da kaye a garin Dogo-Dogo. Karatuna na manya ne, na rani biyu kawai, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Ku kun taso a zamanin da uba ke saɓa ɗan farinsa a kafaɗa ya shiga kasuwa da shi. Mu ba haka muka tarar ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanka wani ne zai ɗaga shi, kai sai ka duba wani wuri. Goggonku Hanne ita ce ta fari a ɗakinmu, kuma babanmu ya koma ga Allah bai taɓa faɗin sunanta ba, “waccan” yake cewa. Mutumin da ya riƙe wannan sosai yabonsa ake yi, a ce wane mai kunya ne, ya san gidan da ya fito. Ni ina cikin waɗanda ake yaba wa, kuma ina jin daɗin yabon.

Yayarku ita ce ta farina, daga matata ta farko, wadda ba ku sani ba. An yaye yarinyar ke nan uwar ta kwanta ciwon kwana shida ta rasu. Bayan sadakar arba'in Yaya Hanne ta zo daga ƙauyen mijinta, can bayan Guci. Ita ta haifi uku ta binne uku. Ta ce a ba ta yarinyar riƙo, aka ba ta, ta goya ta suka tafi. To riƙo ma yana da dokarsa. Wanda ya ba da ɗa ba ya tambayar yadda ɗan yake, don tambayar zargi ce ga mai riƙon. Ka ga ƙofa biyu ke nan na rufe a kan yarinya ɗaya, ta kunya da ta riƙo. Shekara biyar, in kaka ta yi in aika da damin hatsi, in salla ta zo in aika da turmin atamfa ta hannun Innarku, wadda na aura daga baya. A ganina na sauke nauyi.

Shekarar da nake son ba ku labari, daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, rumbuna suka yi sauƙi tun kafin bazara. Mijin Yaya Hanne ya tafi cin rani Najeriya, ba shi ba saƙonsa. Ita kuwa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take riƙe da kanta. Ana gab da shuka na bi amalanken garinmu zuwa kasuwar Guci neman irin wake. A layin masu mai na same ta, yarinyar tana zaune a bayanta. Shekararta bakwai, amma in ka gan ta sai ka ce biyar. Gashin kanta ya yi ja. Hannunta na dama yana naɗe da tsumman tsohon zane, ta ɗaga shi ta manna a ƙirji, ƙudaje suna bin tsumman.

“Yaya, ina wuni. Ya kasuwa?”

“Kasuwa sai godiya, Isufu. Ya Innar yara?” Sai ta waiwaya. “Ke, ba kya gaida mutane?”

Yarinyar ta durƙusa ta ce ina wuni. Na amsa idona yana kan faifan ƙuli. Daga inda nake tsaye ina jin warin hannun. Tambayar ta zo har bakina, me ya samu hannun. Amma mutum biyu na garinmu suna tsaye a gefena, ɗayansu Ɗanjuma mahauci, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya barin kowa. Na ce a raina, yau in na tambaya, gobe a ƙofar masallaci za a ce Isufu ya tsaya yana lallashin ƴar farinsa a tsakiyar kasuwa. Na sayi ƙuli, na yi wa Yaya sallama. A kan amalanke, muna komawa gida, na cinye ƙulin nan duka.

Abin da ya faru sai daga baya na sani. Yunwa ce ta sa yarinyar ta sa hannu ta ɗauki ƙuli ana cikin suya. Yaya Hanne ta kama hannun ta danna shi a jikin kaskon, wai don ta daina sata. Kuma duk ranar da za ta je itace nesa, sai ta ɗaure mata ƙafa a turken akuya, don kada ta shiga gidan maƙwabta neman abinci a ce ba a ba ta. Kwana goma bayan kasuwar nan zazzaɓi ya kama ta. Wata maƙwabciya ce ta yi ƙarfin hali ta kai ta likita. Majon wurin, wato babban mai jinya, ya kwance tsumman, ya ga shatin igiya a ƙafa, ya tura ta babban asibitin Magarya tare da takarda zuwa ga hukuma. Da aka sallame ta, alƙalin da ke duba sha'anin yara ya ƙi mayar da ita inda ta fito, ya sa aka kai ta wani gida da Kiristoci ke riƙon yaran da aka cutar ko aka yasar. Yatsu biyu sun riga sun naɗe, har yau ba su miƙe ba. Kun san su. Ni na ce muku faɗawa wuta ta yi tana rarrafe.

Labarin bai iso garinmu haka ba. Cewa aka yi Kiristoci sun ɗauke ƴar Isufu. Na karɓi maganar nan da hannu biyu, don ta fi mini sauƙi a kan gaskiyar. Bayan sallar Jumma'a na tsaya a ƙofar masallaci na ce sace ta suka yi. Dattawa suka ce in je in karɓo jinina, mai gari ya ba ni takarda. Na bi mota ta Dungas zuwa Magarya, ina tafe ina tara maganganun da zan zuba musu.

Gidan yana bayan gari, katangar ƙasa da ƙyauren kwano. A tsakar gida akwai babbar bishiyar bedi da dakali a gindinta, ɗakuna a jere, ɗaya da alamar gicciye a ƙofarsa. Yara suna wanke kwanuka suna faɗa a kan soso. Na zaci Nasara zan tarar. Sai ga wata gajeriyar mace mai jiki ta fito, hannuwanta jiƙe da ruwan wanki, a fuskarta zane irin na mahaifiyata. Ita ce Mama Saratu, ita da mijinta Malam Iliya ke riƙe da gidan.

“Sannu da zuwa, Malam. A kawo wa baƙo ruwa.”

“Ba ruwa ya kawo ni ba. Na zo tafiya da yarinya.”

“Wacce? Yaran suna da yawa.”

“Ta wajen yayata. Mai hannun.”

“Masu ciwo ma ba ɗaya ba ne. Yaya sunanta?”

Duk maganganun da na taro tun daga Dungas suka watse. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta yi ƴar dariya, ba ta raini ba.

“Ƴar fari ce ke nan. Ni ma ta fari ce, Malam, har na yi aure ‘ke’ nake amsawa a gidanmu. Zauna mana.”

Na zauna a dakalin. Ta ce ba ita ta ɗauko yarinyar ba, alƙali ya kawo ta, kuma takardar alƙali ce kaɗai za ta fitar da ita, ba ta mai gari ba. Ta ce su ba sa son riƙe ɗan kowa har ya girma, aikinsu shi ne yaro ya warke, gidansu ma ya gyaru, ya koma. Sai ta lissafa mini abin da ake so. In riƙa zuwa duk bayan mako biyu in zauna da yarinyar. Su ma za su zo su ga gidana. In an yi girbi, ma'aikaciyar alƙali za ta zo ta tambayi yarinyar da bakinta inda take son zama. In ta ce ba ta bi na, ba wanda zai tilasta ta. Na ce to addininku fa, shi za ku sa ta?

“Mu masu bin Almasihu ne, ba ma ɓoyewa. Da safe muna addu'a da waƙa, tana ji, ba zan ce maka ba ta ji ba. Amma duk la'asar tana zuwa makarantar allo a bayan gidan nan, tare da sauran ƴaƴan Musulmi. Ranar da ta zo ko Fatiha ba ta iya ba. Je ka tambayi malamin.”

Na je na tambaya, haka ne. Da aka fito da ita, an aske jan gashin, hannun yana cikin farin bandeji. Ta laɓe a bayan zanen Mama Saratu, ido ɗaya kawai nake gani. Ba ta matso ba, ni ma ban matsa ba.

Da na dawo gida ban gyara maganata ba. Na ce wa mutane sun hana ni ita, hukuma tana bayansu. Innarku ce kaɗai ba ta saya ba. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

“Malam, ranar kasuwar Guci, ka ga hannun ko ba ka gani ba?”

“Na gani.”

“To.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma ranar da zan koma Magarya, na tarar ta ƙulle mini dambu da goriba a tsumma mai tsabta.

Haka na yi daminar nan a hanya. Kowace tafiya tana cinye mini wuni biyu, kuma a lokacin ba ni da ɗan da ya isa riƙe hauya. Noman farko na yi shi a kan kari, maimai kuwa ya makara, ciyawa ta cinye rabin gonar gabas. In na fito da sanyin safiya da ƙunshina, Ɗanjuma yana fiɗa a bakin hanya sai ya ɗago.

“Malam Isufu, yau ma majami'a? An yi maka wankan ne, ko ruwan bai yi zafi ba tukuna?”

“In za a yi, kai zan fara kaiwa, ko warin tumbin nan ya ragu.”

A gidan kuwa, ita a wancan bakin dakali, ni a wannan, ƙunshin goriba a tsakaninmu. In zan yi magana bishiyar nake duba. Ana dai cin abinci? Ta gyaɗa kai. Ana zuwa makaranta? Ta gyaɗa kai. Malam Iliya, dogon mutum mai sanyin magana, yakan zo da man kaɗe ya shafa mata a yatsun yana miƙar da su a hankali, kamar yadda likita ya nuna masa. Wata rana ya ce in karɓa in koya, don in ta koma gida ni zan riƙa yi. Na miƙa hannu. Rabona da taɓa jikin yarinyar nan tun ranar suna, shi ma a ɓoye. Ta janye hannun ta sa a bayanta. Malam Iliya ya ci gaba da shafawa yana yi mata tatsuniya.

Sun zo nan gidanmu sau biyu, Mama Saratu a bayan moto, wato babur. Ta shiga ɗakin Innarku suka daɗe, ta leƙa rumbu, ta tambayi inda yarinya za ta kwana da wanda zai kai ta lakwal, makarantar boko. Ba ta karɓi komai ba sai fura. Sun kuma je wurin Yaya Hanne da ƴan tiyoyin hatsi. Zuwan farko ta kore su da taɓarya. Na biyu ta zauna ta yi kuka, ta ce ita ma haka aka riƙe ta, ta nuna musu tabon da ke cinyarta, wanda ni ƙanenta ban taɓa sanin yana nan ba. Mama Saratu ta ce mini alƙali ba zai mayar da yarinya can ba, kuma ya fi kyau Yaya ta ji daga bakina. Na je. Tana matsar mai na faɗa mata.

“Ka karɓe riƙo daga hannuna ke nan, Isufu? A gidanmu ba a taɓa yi ba.”

“Yaya, hannun yarinyar...”

“Ni na ƙona, ban musa ba, Allah zai tambaye ni. Kai fa? Ka tsaya a kanta a kasuwa, ka sayi ƙuli ka wuce. Yau kai ne mai tausayi?”

Tun daga ranar ba ta sake taka gidan nan ba. Bayan shekara huɗu ta rasu, ni na sa ta a kabari. Ku yi mata addu'a, kada ku zage ta.

Hatsi ya nuna, na yi zuwana na ƙarshe kafin ranar tambaya. Na tashi zan tafi Mama Saratu ta raka ni har bakin ƙyaure, abin da ba ta saba yi ba.

“Malam, jiya ina yi mata kitso na tambaye ta, in madam ɗin alƙali ta zo, za ki bi babanki? Ta ce kai mutumin kirki ne, kana kawo goriba. Amma ta ce ba ka san sunanta ba. Ta ce in ta ɓata a kasuwa, da me za ka neme ta?”

“Mama, ai kin san al'ada ce.”

“Na sani. Ni sai da na girma na gane ba ƙi na ake yi ba. Ita shekararta bakwai, kuma ta ga abin da ta gani.”

Mako biyun nan ina girbi ina gwadawa. Za ku yi dariya, amma sunan da ni na raɗa da kaina ya ƙi fita daga bakina. Sai in duba gabas da yamma, in ga ba kowa, in faɗa wa karan hatsi ƙasa-ƙasa. Wata safiya ina bayan rumbu ina yi, ashe Innarku tana ɗibar itace a wajen. Ta toshe baki da gefen zane.

“Ƙara ɗaga murya, Malam, rumbun bai ji ba.”

Ranar ta zo. An ce in zo da shaida daga garinmu, kuma mai gari bai ga wanda zai haɗa ni da shi ba sai Ɗanjuma. Da hantsi muka isa. Madam ɗin alƙali tana zaune a kujera da takardunta a cinya, Malam Iliya a gefe. Yara sun kewaye tabarma a can ƙarshen tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, yayarku a cikinsu, tana ɓarewa da hagu. Mama Saratu ta ce bari ta kira ta. Na ce, bari Mama. Na miƙe. Ina jin idon Ɗanjuma a ƙeyata, na san kafin magariba duk garinmu ya ji. Na buɗe baki na faɗa, amma ko madam da ke kusa ba ta ji ba. Na sake, wannan karon da muryar da nake kiran mutum daga wata gona.

“Habsatu.”

Ta ɗago ta dubi Malam Iliya, ta ga bakinsa a rufe. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya har ta zo kaina.

“Habsatu, zo.”

Ta tashi, ɓawon gyaɗa yana zuba daga zanenta. Ta tako a hankali, ta tsaya a gabana, ba ta durƙusa ba.

“Na'am, Baba.”

Madam ta yi tambayoyinta. Habsatu ta ce za ta bi ni, amma a riƙa kawo ta wurin Mama. Aka rubuta haka. Kafin mu tashi Malam Iliya ya miƙo mini gwangwanin man kaɗen. Na zauna a dakali, ta ɗan yi jim, sannan ta ɗora hannun a gwiwata. Da muka iso gida Ɗanjuma ya ba da labarin yadda ya ga dama, aka yi shekara ana ce mini mai kiran suna. Bai dame ni ba kamar yadda na zata.

Abin da ban yi ba shi ne janye maganar satar. In na janye ta, dole in faɗi ta kasuwar Guci, ni kuma ban iya ba. Na bar mutanen da suka wanke mata ciwo, suka koya mini zama da ƴata, da sunan ɓarayin yara fiye da shekara ashirin. Mama Saratu ta san abin da ake faɗa a garinmu, kuma duk lokacin da na kai Habsatu sai ta ce a kawo wa Malam ruwa. Na yi ta cewa wata rana zan roƙi gafararta, har aka zo da labarin rasuwarta.

Jumma'ar da ta wuce, bayan an sallame, na miƙe a ƙofar masallacin da na faɗi ƙaryar na janye ta, na faɗi ta ƙulin ma. Yawancin waɗanda suka ji ta farko sun riga mu gidan gaskiya, Ɗanjuma ma yana cikinsu. Saura ku, ga shi na rubuta. Sani, ka duba tayoyin motonka, jibi za ka kai ni Magarya in yi wa Malam Iliya gaisuwa, ya tsufa kuma ya zama shi kaɗai. Habsatu za ta riga mu da mota. Ta ce bedin yana nan, dakalin ma yana nan, kuma ita za ta nuna maka bakin da take zama da bakin da nake zama.